Eiji Sawamura: Yaron da ya gagari Babe Ruth, aka ci moriyarsa aka yar

A ƙasar Japan, duk shekara idan aka gama kakar wasan besbol, wani kwamiti na tsofaffin 'yan wasa yakan zauna ya duba wanda ya fi kowa iya jifa a shekarar, a ba shi wata lambar yabo da ake kira Lambar Sawamura. Tun 1947 ake bayar da ita, kuma har gobe babu karramawar da mai jifa a Japan yake buri kamarta. Wata shekarar ma kwamitin yakan tashi bai ba kowa ba, idan ya ga babu wanda ya isa. To amma mutumin da lambar take ɗauke da sunansa, wato Eiji Sawamura, bai kai shekara 28 a duniya ba. Sau uku ana ɗaukarsa soja, a na ukun bai dawo ba. Kuma ƙungiyar da take tinƙaho da shi yau, ita ce ta sallame shi daga aiki 'yan watanni kafin mutuwarsa.

Na san yawancinmu a nan ƙwallon ƙafa muka sani, besbol kuwa sai dai mu gan shi a fim. Duk da haka na ga ya dace in kawo tarihin wannan bawan Allah, domin abin da ya same shi bai tsaya ga wasa ba. Magana ce ta yaro mai baiwa, da manyan da suka hango riba a jikinsa, da alkawarin da aka yi da baki.

Yadda wasan yake

Bari in ɗan yi bayanin wasan tukuna, don kada in bar mai karatu a duhu. Ƙungiya biyu ne, kowace da mutum tara a fili. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiya, ya wurga ƙwallo mai nauyin kusan giram 145 zuwa ga abokinsa mai cafewa, wanda yake tsugunne a nisan mita 18 da 'yan kai. A gaban mai cafewar akwai ɗan ɗaya ƙungiyar riƙe da sanda, aikinsa ya doke ƙwallon kafin ta wuce shi. Idan ya doke ta, sai ya ruga ya bi tashoshi uku ya dawo gida, shi ne maki ɗaya. Idan ya doke ta ta tsallake katangar fili gaba ɗaya, ya ci maki ke nan ba tare da gardama ba. Idan kuwa jifa uku masu kyau suka wuce shi bai samu ba, an kore shi. In aka fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu jifa su koma bugu. Haka ake yi har zagaye tara.

Ka ga ke nan rabin wasan yana wuyan mai jifa. Shi da mai sanda tamkar 'yan dambe ne biyu a tsakiyar fage, sauran jama'a suna jiran abin da zai biyo baya. Kuma jarinsa kaf kafaɗa ce da gwiwar hannu. Ranar da suka lalace, sana'a ta ƙare.

Wani malami Ba'amurke mai suna Horace Wilson ne ya koya wa ɗalibansa wasan a Tokyo a 1872. Japanawa suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka raɗa masa suna yakyu, suka mayar da shi abin tarbiyyar 'yan makaranta. A 1915 jaridar Asahi ta soma shirya gasar makarantun sakandare ta ƙasa baki ɗaya, a 1924 aka gina filin Koshien kusa da Osaka, inda ake yin gasar har yau. Sai dai a wancan zamani wasa don kuɗi abin kunya ne a idon mutane da yawa. Ɗan wasan kirki ɗalibi ne, daga sakandare ya wuce jami'a, daga nan ya sami aikin ofis.

Ɗan mai kayan miya

An haifi Eiji Sawamura ranar 1 ga Fabrairu, 1917, a garin Ujiyamada, wanda yanzu ake kira Ise, a lardin Mie. Mahaifinsa mai sayar da kayan lambu ne, kuma Eiji shi ne babban ɗa namiji a gida mai 'ya'ya da yawa. Hannunsa ne ya kai shi Makarantar Kasuwanci ta Kyoto, ya kuma kai makarantar gasar Koshien a 1933 da 1934. Yana ɗaga ƙafar hagu sama sosai kafin ya saki ƙwallo, jifansa na da gudu, sannan yana da wani jifa na daban da yake tahowa kamar zai wuce a miƙe, sai ya kusa mai sanda ya faɗi ƙasa. A lokacin babu na'urar auna gudun ƙwallo, shi ya sa har yanzu masoya wasan suke musu a kan iyakar gudun jifansa. Hanyar da ke gabansa a fili take: ya gama sakandare ya shiga Jami'ar Keio, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in Tokyo masu ƙungiyar besbol.

Ana cikin haka sai ga Matsutaro Shoriki. Tsohon babban jami'in 'yan sanda ne da ya sayi jaridar Yomiuri, yana neman abin da zai sa ta wuce takwarorinta a kasuwa. Dabarar da ya yi ita ce ya gayyato taurarin besbol na Amurka su zo su zagaya Japan a ƙarshen 1934, cikinsu har da Babe Ruth, wanda a lokacin babu ɗan wasan da ya kai shi suna a duniya. Matsala ɗaya ce: tun 1932 Ma'aikatar Ilimi ta kafa doka mai tsanani a kan wasan ɗalibai, wadda ta toshe musu hanyar karawa da masu wasa don kuɗi. Duk ɗalibin da yake so ya fuskanci Amurkawa, sai dai ya bar makaranta.

Mutanen Yomiuri suka je wa iyalin Sawamura da magana. Labarin da ya shahara a Japan shi ne an ba su tabbacin cewa kamfanin zai riƙe yaron iya rayuwarsa. Gida na bukatar kuɗi, ga ƙanne a baya, ga damar karawa da Babe Ruth. Yaro ɗan shekara 17 ya ajiye karatu saura kaɗan ya gama. A riƙe wannan wuri da kyau, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo tushe.

Ranar Shizuoka

Amurkawa sun sauka a Yokohama a farkon Nuwamba 1934, a ƙarƙashin tsohon koci Connie Mack. Dubun dubatar mutane suka cika titin Ginza a Tokyo suna yi musu maraba. A fili kuwa ba a ga tausayi ba: duk wasan da suka yi da ƙungiyar Japan sun ci, wasu da rata mai yawa. Sau ɗaya tak suka ji jiki, ranar 20 ga Nuwamba, a filin Kusanagi da ke Shizuoka.

Ran nan Sawamura ya kori mutum huɗu a jere: Charlie Gehringer, Babe Ruth, Lou Gehrig da Jimmie Foxx. Don mai karatu ya gane nauyin abin, dukkan huɗun nan suna cikin jerin gwarazan da Amurka ta karrama har abada, kuma Gehrig a shekarar ce ya fi kowa bugu a gasarsu, da bugun tsallake katanga 49. Wasa ya yi ta tafiya babu ci har zagaye na bakwai, inda Gehrig ya sami ƙwallo guda ya aika ta bayan katanga. Da wannan aka tashi, 1 da 0. Sawamura ya kori mutum tara a ranar.

Gaskiya dai, ba a rasa abin cewa ba. An ce rana tana dukan idon masu bugu a filin, kuma a sauran wasannin da ya yi da su a wannan zagaye Amurkawan sun yi masa dukan kawo wuƙa. Amma Japanawa ba wannan suka riƙe ba. Abin da suka gani shi ne ɗansu, ɗan mai kayan miya daga Ise, ya sa Babe Ruth ya doki iska. A ƙasar da take fama da tunanin ko za ta iya kafaɗa da kafaɗa da Turawan Yamma, wannan rana ta fi ƙarfin wasa. Tun daga nan hannun Sawamura ya daina zama nasa shi kaɗai, ya zama na ƙasa.

Ba kowa ne ya ji daɗin zuwan baƙin ba. A Fabrairun 1935 wani mai tsattsauran kishin ƙasa ya sari Shoriki da takobi a wuya, kuma cikin laifukan da aka ɗora masa har da barin Amurkawa su yi wasa a filin da ke harabar wurin bautar Meiji. Ya sha da ƙyar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda iskar ƙasar take kaɗawa.

Shekaru uku na ganiya

Daga cikin 'yan wasan da suka kara da Amurkawa Shoriki ya kafa ƙungiyar 'yan wasa masu albashi a ranar 26 ga Disamba, 1934. Ita ce ta zama Tokyo Giants, wadda ake kira Yomiuri Giants a yau. A 1935 suka tafi Amurka suka yi wasa sama da 100 da ƙananan ƙungiyoyi, gari zuwa gari, Sawamura yana kan gaba wajen jifa. Amurkawa masu farautar 'yan wasa sun nuna sha'awarsa, amma bai zauna ba, ya dawo gida.

A 1936 aka kafa gasar ƙwararru ta Japan da ƙungiyoyi bakwai. Mutane suna yi mata kallon raini, filayen ma ba sa cika kamar na wasan jami'o'i. Abin da zai jawo 'yan kallo ake nema, kuma Sawamura ne abin. Ranar 25 ga Satumba, 1936, a Koshien, ya yi wa Osaka Tigers jifa daga farko har ƙarshe ba tare da ko mutum ɗaya ya sami bugun da ya kai shi tasha ba, kuma ba su ci maki ba. Shi ne karo na farko da aka yi haka a gasar. A Disambar shekarar aka yi wasa uku na fitar da zakara tsakanin Giants da Tigers, shi ya yi jifa a duka ukun, kwana uku a jere, Giants ta ɗauki kofi. Karawarsa da mai bugun Tigers, Masaru Kageura, ita ce mafarin hamayyar da ke tsakanin ƙungiyoyin biyu har yau.

Kakar bazara ta 1937 ita ce ƙololuwa. Ya ci wasa 24, aka cinye shi a 4. Idan aka yi lissafi, abin da ake ci a hannunsa bai kai maki ɗaya ba a kowane cikakken wasa, 0.81 ne. Ranar 1 ga Mayu ya sake hana Tigers bugu gaba ɗaya. Shi aka fara ba lambar gwarzon ɗan wasa a tarihin gasar. Duk wannan fa yana ɗan shekara 20. Idan aka haɗa da kakar kaka ta shekarar, wasa 33 ya ci a shekara guda. Likitan 'yan wasa na yau idan ya ga irin wannan aiki a kafaɗar yaro, sai ya riƙe baki.

Daga ƙwallo zuwa gurneti

A Yulin 1937 yaƙi ya ɓarke gadan-gadan tsakanin Japan da Sin. Dokar ƙasa ta ce duk namijin da ya kai shekara 20 za a duba shi don aikin soja, amma ɗaliban jami'a ana ɗaga musu ƙafa har su gama karatu, kuma wannan sassauci bai gushe ba sai a 1943. A nan ne barin makarantar nan ya dawo ya tsaya a gaban Sawamura. Da ya shiga Keio kamar yadda aka tsara tun farko, da a 1938 yana aji. Tun da ba ɗalibi ba ne, a Janairun 1938 aka kira shi, aka sa shi a runduna ta 33 ta sojan ƙasa, ta lardinsu na Mie, aka tura shi Sin.

Sojoji sun san wanda suka samu. Mutumin da ya fi kowa iya jifa a Japan, me za a ba shi in ban da gurneti? Gurnetin sojan Japan ya kai nauyin ƙwallon besbol sau uku. Ya yi ta jifa da shi, a fagen daga da kuma wajen nuna bajinta a gaban manya, jaridu suna bugawa don ƙarfafa gwiwar jama'a. Kafaɗar dama ta tafi a haka. Harsashi ya same shi a hannun hagu, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kama shi.

Ba zan ɓoye wani ɓangare na labarin ba. Sojan da ya yi wa aiki sojan mamaya ne, wanda ya yi wa mutanen Sin ɓarna mai muni, kisan Nanjing na Disambar 1937 yana cikin abin da duniya ba ta manta ba. Shi kansa Sawamura, a shekarun yaƙi an buga rubuce-rubuce da sunansa a mujallun wasanni masu cike da ƙin Amurkawa. Saboda haka ba waliyyi nake kawo muku ba. Ɗan zamaninsa ne, ya sha ruwan da aka shayar da tsararsa. Amma wanda aka yi amfani da shi wajen cutar da wasu, ba ya hana shi ma a ce an cuce shi.

Ya dawo a 1940, hannu ba ya ɗaguwa sama kamar da. Sai ya sauya salo, ya koma jifa ta gefe, ya dogara da dabara da saiti maimakon gudu. Abin mamaki, da wannan raunannen hannu ya sake hana ƙungiyar Nagoya bugu gaba ɗaya ranar 6 ga Yuli, 1940. Karo na uku ke nan, kuma a tarihin gasar Japan mutum ɗaya ne kawai ya taɓa kamo shi a wannan, Yoshiro Sotokoba na Hiroshima. Ni a ganina wannan wasa na uku ya fi na ranar Babe Ruth nuna ko wane ne shi, domin na farko baiwa ce, wannan kuwa naci ne da sanin sana'a.

A lokacin tauraron Giants ya riga ya zama wani, Victor Starffin, ɗan gudun hijira daga Rasha da ya tashi a Hokkaido, wanda ya ci wasa 42 a 1939. Shi ma bai tsira ba: a 1940 aka tilasta masa ɗaukar sunan Japanawa, Hiroshi Suda, daga baya aka tsare shi tare da sauran baƙi a Karuizawa. Wasan kansa an sa masa kakin soja. An soke sunayen ƙungiyoyi na Ingilishi, an sauya kalmomin alƙalan wasa zuwa Japananci, har gasar jifan gurneti ake yi wa 'yan kallo a filin wasa.

A 1941 Sawamura ya yi aure, ya ci wasa 9, sai kuma kira na biyu ya zo kafin shekarar ta ƙare. Wannan karon Filifin aka kai shi. Da ya dawo a 1943, abin da ya rage a hannun ma ya ƙare, har saitin ya gudu. A kakar nan bai ci wasa ko ɗaya ba, an cinye shi a 3, kuma ana cin sama da maki 10 a hannunsa a lissafin cikakken wasa. Mutumin da ake biyan kuɗi don a ga jifansa, fitowarsa ta ƙarshe a fili, a Oktoban 1943, da sanda ya fito a madadin wani.

Sallama

Kafin kakar 1944 ta fara, Giants ta sallame shi. Shekara tara da 'yan watanni ke nan da maganar riƙo har iya rayuwa. Matarsa tana da ciki a lokacin. Lissafin aikinsa gaba ɗaya a gasar: ya ci wasa 63, an cinye shi a 22, ya kori masu bugu 554.

In za a yi adalci, ita ma ƙungiyar tana cikin halin ni-'yasu. 'Yan wasa sun watse zuwa fagen yaƙi, ƙungiyoyi sun ragu zuwa shida, kakar 1944 wasa 35 kacal kowace ta yi, a Nuwamba kuma aka dakatar da gasar baki ɗaya. Wani zai ce kamfanin da ke neman numfashi ba zai iya ciyar da mai jifan da ba ya jifa ba. Na ji wannan. Amma alkawari kaya ne, kuma ba don ranar daɗi ake yin sa ba. Ranar da yake cin wasa 24 ai ba ya bukatar kowa ya riƙe shi, shi ne ma yake riƙe da su. Ranar da hannu ya mutu ita ce ranar alkawarin, kuma ran nan ne aka nemi alkawarin aka rasa. Bahaushe ya gama magana da ya ce an ci moriyar ganga an yada kwaurenta.

A Oktoban 1944 kira na uku ya zo, 'yarsa tana jaririya. Aka zuba su a jirgin ruwan dakon sojoji daga tashar Moji za a sake kai su Filifin. Ranar 2 ga Disamba, 1944, a tekun da ke yamma da tsibirin Yakushima, wani jirgin yaƙin Amurka mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, Sea Devil, ya harbi ayarin. Jirginsu ya nutse. Shekararsa 27, kuma shekara goma da kwana goma sha biyu ke nan daga ranar Shizuoka.

Ba shi kaɗai ba ne. Kageura, abokin hamayyarsa, ya mutu a Filifin a 1945. Yukio Nishimura, mai jifan Tigers kuma ɗan garinsu, shi ma can ya ƙare. Masaki Yoshihara, mai cafewar Giants, a Bama ya mutu a 1944. Wannan suna na Bama ba baƙo ba ne a kunnenmu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da Ingila ta kwasa daga Najeriya da Gwalkwas da sauran yankunan da take mulka, a dazukan Arakan da kwarin Kaladan suka gwabza da sojan Japan, kuma Hausa na cikin manyan harsunan bariki a lokacin. Daga can Burma Camp na Accra ya samo sunansa. Ashe waɗanda kakanninmu suka fuskanta a cikin dajin nan, wasunsu samari ne irin waɗannan, da aka raba su da sana'arsu aka miƙa musu bindiga, kamar yadda aka raba namu da gona da kasuwa.

Girma bayan rai

Yaƙi na ƙarewa, besbol ya dawo da ƙarfinsa, Amurkawan da suka mamaye ƙasar ma suna ƙarfafa shi. Gasar tana bukatar gwarzon da za ta kafa tarihinta a kansa, kuma babu wanda ya dace kamar wanda ya mutu yana matashi. A Yulin 1947 Giants ta jingine lambar rigarsa, 14, ba mai sake sa ta. A shekarar aka ƙirƙiri Lambar Sawamura, Takehiko Bessho na ƙungiyar Nankai ya fara karɓa. Amurka ma sai bayan shekara tara, a 1956, ta kafa irin tata mai sunan Cy Young. A 1959, da aka buɗe zauren karrama gwarazan besbol na Japan, Sawamura yana cikin rukunin farko, shi da Shoriki a jeri ɗaya. Shoriki kuwa an tsare shi a kurkukun Sugamo bayan yaƙi bisa zargin hannu a cikinsa, aka sake shi a 1947 ba tare da shari'a ba, ya kafa gidan talabijin na Nippon, ya yi minista, ya rayu har 1969.

Manyan masu jifan Japan da duniya ta sani sun bi ta kan wannan lamba: Masaichi Kaneda, Hideo Nomo a 1990, Daisuke Matsuzaka a 2001, Yu Darvish, wanda mahaifinsa ɗan Iran ne, a 2007, Masahiro Tanaka sau biyu, da Yoshinobu Yamamoto sau uku a jere daga 2021 zuwa 2023. Da yawansu sun wuce Amurka sun sa hannu a kwantiragin miliyoyin daloli, da lauyoyi da wakilai a gefensu, kowane sharaɗi a rubuce. A gaban filin Kusanagi akwai mutum-mutumin Sawamura yana jifa da na Babe Ruth riƙe da sanda. Kusa da Tokyo Dome kuma akwai dutsen tunawa da ƙwararrun 'yan wasan da yaƙi ya ci, sunansa na ciki.

Ba na raina wannan karramawa. Al'ummar da take tuna mutanenta ta fi wadda take mantawa. Sai dai girmama mamaci abu ne mai araha, ba ya cin albashi, ba ya zuwa asibiti, ba ya tambayar ina alkawari. Riƙe mai rai da hannunsa ya lalace shi ne mai tsada, kuma a nan ake gane amana.

Shi ya sa nake ganin iyaye a unguwanninmu suna da abin ɗauka a nan. Yau ma akwai masu zuwa gida su ce yaron nan ƙafarsa zinariya ce, a bar maganar makaranta, za su kai shi Turai, za su riƙe shi kamar ɗansu. Wataƙila wasunsu da gaske suke yi. Amma Sawamura ba ƙaramin mai baiwa ba ne, shi ne na ɗaya a ƙasarsa, kuma wanda ya nemo shi ba ɗan damfara ba ne, babban kamfani ne mai suna. Duk da haka, ranar da abubuwa suka juya, takardar makarantar da ya bari ita ce za ta iya kāre shi, maganar baki kuwa ba ta tsinana masa komai ba. Addininmu ma ya koya mana a rubuta yarjejeniya a kafa shaidu, ba don ana zargin kowa ba, sai don zuciya tana sauyawa kuma zamani yana juyawa. Duk wanda ya zo neman ɗanka, ka tambaye shi abu biyu kafin ka ce to: ina makomar karatunsa, kuma wa zai ɗauki nauyinsa ranar da gwiwa ta ƙi? Amsar kuma a sa ta a takarda.

Allah Ya ba 'ya'yanmu masu riƙo na gari, Ya sa mu zama masu cika alkawari.